Kawu da Mutum na Goma Sha Shida

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, a ɗakinsa na unguwar Zahir a Makka, bayan ya sha rabin kofin shayi ya ce a buɗe masa taga. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya yanka ragon sunana, shi ya kai ni makaranta ranar farko. Ina rubuta wannan ne don kada 'ya'yanmu, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, su tashi ba su san irin mutumin da aka yi a gidan nan ba.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a lungunmu, kujeru layi biyu suna fuskantar juna, gahawa tana zagayawa. Wani Balarabe mai furfura, wanda ban taɓa gani ba, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Azzamallahu ajrakum. Ustaz ya koya mana tarihi shekara uku. Wallahi na manta sunayen sarakunan duka, amma har yau idan na ga layi a karkace raina ɓaci yake." Wata tsohuwa daga unguwar Shisha, cikin waɗanda suka zo aikin Hajji tun da daɗewa suka zauna, ta tsaya a ƙofar mata ta ɗaga murya yadda maza za su ji: "To bana wa zai jera mu?" Maƙwabcinmu Malam, wanda ya yi shekara ashirin yana faɗa wa Kawu cewa bai dace a riƙa ba da labarin yaƙin arna a garin Makka ba, ya zauna a ƙarshen layi yana share hawaye da bakin rawaninsa. Can sai ya miƙe, ya ja kujera ɗaya da ta fita daga sahu ya daidaita ta da sauran, ya koma ya zauna. Bai ma san ya yi ba.

Ni ban yi kuka ba a kwanakin nan uku. Fushi nake yi, kuma ina jin kunyar fushin. Shekara shida ke nan tsakanina da Kawu sai gaisuwar Sallah, in sumbaci kansa in fita. Ga shi ya tafi ba mu shirya ba, kuma wasiyyar da ya bari game da ni kalma biyar ce: in riƙe makara ta baya. Na ɗauka ko a bakin kabari bai fasa nuna mini matsayina ba. Abin da nake so in sani, kuma na ga kamar ba mai faɗa mini yanzu, shi ne ko mutumin nan ya taɓa ganina da wata daraja.

Kakanmu ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, ta Sudan, ya yi shekara bakwai a hanya. A Makka aka haifi Kawu, a nan ya yi karatu, ya zama malamin tarihi a wata sakandare har ya yi ritaya. Tarihin duniya duk ya sani, amma abu ɗaya ne ya shiga ransa ya ƙi fita: sojojin ƙasa na tsohuwar Makidoniya, masu dogon mashi, waɗanda suka bi sarkinsu suka ci ƙasashe har bakin Indiya. Sarkin bai dame shi ba. Dawakai ba su dame shi ba. Yadda talakan soja yake riƙe mashi da garkuwa a cikin sahu, nan hankalinsa yake.

Duk Juma'a bayan la'asar dangi suna taruwa a gidansa, kuma duk wanda ya yi sake ya hau soro ya shiga hannu. A can ya ajiye wata gora mai tsawon mita biyar da wani abu, ragowar sandar rumfa. Garkuwarsa murfin babbar tukunyar shinkafa ce, ya ɗaure da bel ɗin harami ya rataya a wuya. Haka za ka same shi, dattijo mai ɗingishi da tabarau, murfin tukunya a ƙirji, gora a hannu biyu.

"Ɗauki," in ji shi, ya miƙa maka. Da ka kama ta tsakiya sai ya ce, "La, la, ya waladi. Wannan riƙon taɓarya ne. Koma can kusa da gindi." Da ka koma gindi sai bakin gorar ya rinjaye ka ya daki ƙasa, ya yi dariya har da tari. Sannan ya bayyana maka cewa sojojin nan suna sa ƙarfe mai nauyi a gindin mashin don ya daidaita, tsawonsa ya tafi gaba. Mashi irin wannan hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa. To idan hannu biyu suna kan mashi, wa zai riƙe garkuwa? Shi ya sa suka rage mata girma, suka yi mata maratayi a wuya, damtsen hagu ya shiga cikinta, tafin hannu yana waje yana aikinsa.

"Ka ga wannan 'yar garkuwar?" Sai ya ƙwanƙwasa murfin tukunya. "Ba ta isa ta kare mutum ba. Abin da yake kare na gaba, masun mutum huɗu ne da suke bayansa."

Daga nan zai fara ƙirga. Kowane layi mutum goma sha shida ne, ɗaya bayan ɗaya. Na farko yana kwantar da mashinsa. Na biyu ya kwantar da nasa ya wuce ta gefen na farko. Haka har na biyar, don haka abokin gaba kafin ya taɓa mutum ɗaya sai ya ratsa tsini biyar. Kowane mutum kuwa Kawu sai ya tsaya a kansa, ya faɗi inda yake sa ƙafa, da tazarar da ke tsakaninsa da na gefensa, da abin da zai yi idan na gabansa ya faɗi. Mutum ɗaya yana cin minti goma. Kafin ya kai na biyar an kira magariba, ko matarsa ta aiko a kawo mata murfin tukunyarta shinkafa tana shan iska. Sai mu watse muna godiya ga Allah. Juma'a mai zuwa kuma ba zai ɗora daga inda ya tsaya ba, sai ya koma na farko, wai gini ba a fara shi daga sama. Ya zama abin barkwanci a dangi. Idan wani ya yi alkawarin da ba zai cika ba, sai a ce, "Sai ranar da Kawu ya kai na goma sha shida."

Ranar da ya nuna mana yadda ake juyawa ce ya fasa fitilar Malam. Ƙa'idar ita ce kowa ya ɗaga mashinsa tsaye tukuna, a juya, sannan a kwantar. In ba haka ba ka kwashe kan ɗan'uwanka. Kawu ya faɗi ƙa'idar daidai, sai ya manta ya juya da gora a kwance. Malam ya leƙo ta katanga ya ce, "Ka gani ko? Ƙarshen bin arna ke nan." Kawu ya ce, "Ya Shaihi, ni ban ce ka koyi sallarsu ba. Tafiyarsu na ce." Washegari da kansa ya hau tsani da wannan gwiwar tasa ya sa sabuwar fitila.

Da a soro abin ya tsaya, da mun ce tsufa ne da son surutu. Amma duk shekara lokacin Hajji Kawu yana aiki da ofishin da ke kula da alhazanmu na gida, kuma kullum tsofaffi yake roƙa a ba shi, waɗanda kowa yake gudu. Daga masaukinsu a Aziziyya yake kai su jifa da ƙafa ya dawo da su. Wanda ya san wannan hanya a ranakun nan ya san abin da nake nufi: rana a tsakar ka, mutane kamar an buɗe dam, kowa da harshensa.

Kawu yana jera su huɗu-huɗu. Ƙarfafa a gefe, raunana a tsakiya, masu keken guragu a cikin ciki. A gaba mutum ɗaya yana riƙe da gorar nan tsaye da koren ƙyalle a samanta, don na ƙarshe ma ya san inda aka nufa. Masu tura keke kuwa, da yake hannayensu biyu suna kan keken, rana tana gasa su, sai ya ɗinka musu maratayin da ke riƙe lema a kafaɗa. Da hannunsa yake ɗinkawa, ya auna kafaɗar kowa, har da waɗanda ba su da takardar zama a ƙasar kuma ba wanda ya san sunansu na gaskiya. Wani cikinsu ya gaya mini a wurin makoki cewa tunda ya zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa auna shi don a yi masa wani abu sai Kawu.

Idan za a karya kwana, ba a karyawa haka kawai. Sai an tsaya, an rufe lema, an juya, sannan a buɗe. Idan an zo hawa ko gangara sai ka ji muryarsa: "Ku matse! Ku matse!" Yakan ce sojojin nan na Makidoniya ba a taɓa cin su a shimfiɗaɗɗen fili ba. Ranar da aka ci su, ƙasa ce ta yi tudu da kwari, sahu ya buɗe, masu gajeren takobi suka shiga ta giɓin, dogon mashi kuwa ba ya komai ga wanda ya riga ya iso jikinka. "Giɓi," in ji shi, "shi ne abokin gaba. Sauran duk baƙi ne." Ina alfahari in faɗa cewa a duk shekarun da ya yi yana wannan aiki, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa ɓace masa. Ni na ɓatar da shi.

Kawu kullum a ƙarshen sahu yake tafiya. Mu duka mun ɗauka saboda gwiwarsa ne, ba ya iya saurin na gaba. Da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, likita ya hana shi doguwar tafiya, sai ya tara mu ya raba aiki. Ina da shekara talatin da biyar a lokacin, na fi kowa sanin hanya, na iya magana da jami'ai, na iya Hausar tsofaffi. Ban yi shakkar gora tawa ce ba. Sai ya miƙa wa autansa, dogo mai faɗin kafaɗa wanda ko "sannu da aiki" sai ya yi tunani kafin ya haɗa. Ni kuma ya ce, "Kai, baya." Na haɗiye. Shekara biyu ina bin bayan tsofaffi ina tsintar takalma da carbi, ina kallon koren ƙyalle can nesa a hannun wani.

A shekara ta uku, rana ta biyu ta jifa, muna kan hawa sai na hango gora ta tsaya. Auta yana gardama da wani jami'i kan hanyar da za mu bi, kuma na san halinsa, zai ɓata mana lokaci a rana. Na ce a raina minti biyar ne. Na bar wurina na kutsa gaba, na yi magana biyu aka buɗe mana hanya, har da jin daɗi na cewa yau an ga wanda ya iya. Da muka isa masauki aka ƙirga, mutum ɗaya babu. Wani dattijo ne daga wajen Sakkwato, ya tsaya gyara takalmi daidai lokacin da ba kowa a baya, ya ɗago ya ga fuskokin da bai sani ba. Ba ya jin Larabci, ba ya karatun boko. Sai bayan magariba aka same shi a ƙarƙashin wata gada, leɓɓansa sun tsattsage, yana ta maimaita sunan ƙauyensu. Allah ya sa da sauran kwanansa.

Kawu yana zaune a kujera a ƙofar masauki, sandarsa a cinya. A gaban kowa ya ce, "Aiki ɗaya na ba ka."

Da na yi shiru da ya wuce. Amma kunya ta juye mini ta zama zafi, na ce, "Wane aiki? Ka ba ɗanka gora, ni ka ba ni wurin gurgu."

 Kawu ya dubi gwiwarsa, ya dube ni. Ya ce da Larabci, "Halas," wato shi ke nan. Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, kuma ban sake zuwa aikin Hajji ba. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji. Takan ce duk watan Zulƙida sai ya tambaye ta, "Ɗanki zai zo bana?" Ni kuwa na ce wanda yake nema ya san ƙofar gidana. Shi ma kansa da tauri, ba zan ɓoye wannan don ya mutu ba. Jini ɗaya ne.

Ranar jana'iza aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. Na cika wasiyya, na sa kafaɗa a bayan makara, haƙorana a cije. Muna fita cikin cunkoso, sai na ga ƙafar Auta tana neman zamewa a kan dutse mai santsi, na ga na hagunsa ya fi shi sauri, makara ta fara karkata. Ban san lokacin da na ce "Ku matse!" ba. Suka daidaita. Su da ke gaba ba su ga komai ba sai bayan mutane.

A rana ta huɗu da safe, bayan an kwashe kujeru, na shiga gaida matar Kawu. Inna nake ce mata, domin ta shayar da ni tare da ɗanta na fari. Tana zaune a kan darduma cikin takaba, tana tsince shinkafa don hannunta ya ƙi zama haka. Ta dube ni ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka yi kuka ba. Ishbak? Me ke cinka?"

Na faɗa mata. Na ce ko a makara baya ya ba ni.

Ta ajiye tiren. "Kai, ya waladi, a ina ka tsaya a darasin nan nasa?"

"Inda kowa ya tsaya, Inna. Na biyar."

"Ni shekara arba'in da bakwai ina aure da shi. Ba ni da inda zan gudu, na ji shi har ƙarshe, ya fi sau ɗari." Ta gyara mayafinta. "Daga na shida zuwa na sha biyar ba sa kwantar da mashi. Suna karkata shi sama bisa kafaɗun na gabansu, kibiyoyi su zo su daki itace su faɗo. A tsakiyar nan ake sa sababbi da matsorata. Na gaba, ƙarfi ake dubawa da tsayi. Amma na sha shida, shi ba a ɗauko shi haka nan. Sai an zaɓa. Wanda ya daɗe a yaƙi, mai hankali, wanda aka yarda da shi. Shi kaɗai yake ganin layin duka. Shi ke miƙe shi in ya karkace, shi ke tare wanda tsoro ya sa zai juya, shi ke toshe giɓi. In kuma abokan gaba suka ɓullo ta baya aka juya a tsaye, to shi ne na gaba. Kawunka yakan ce gora kowane dogo zai iya ɗauka."

Na ce, "Ai saboda gwiwarsa yake tafiya a baya."

"Gwiwa? Tun yana da ƙafa kamar barewa a baya yake tafiya, kafin a haife ka. Gwiwar daga baya ta zo." Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsinta. "Ka tambayi Auta. Tun shekarar da ka tafi bai sake sa mutum ɗaya a wurin nan ba. Biyu yake sawa. Bara uku ya sa, kuma bai zauna ba sai da aka dawo aka ƙirga. Na ce masa, Alhaji, ka kira yaron nan ka faɗa masa mana. Ya ce, zai zo Juma'a, in mun kai wurin zai ji."

A nan kukan ya zo, na kwana huɗu da na shekara shida gaba ɗaya. Inna ba ta rarrashe ni ba. Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini ruwa.

Na roƙe ta ta faɗa mini sauran, daga na shida, mutum-mutum yadda yake faɗa. Ta ce a'a, ba haka ake yi ba, daga na farko ake farawa. Muka fara daga na farko. Aka kira azahar muna kan na tara, na je na yi salla na dawo. Shinkafar ranar ba a ɗora ta ba sai la'asar.

Da yamma na hau soro. Gorar tana jingine inda ya bar ta, ƙyallen ya koɗe. Na sauko da ita a tsaye, kamar yadda ƙa'ida ta ce, ban taɓa fitilar Malam ba. Na sami Auta a ƙofar gida na miƙa masa. Ya karɓa yana kallona, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Yaya, kai ka riƙe bana. Kai ne babba."

Na ce, "Riƙe abinka. Ni ina da wurina." Sannan na aika a gaya wa tsohuwar nan ta Shisha cewa bana ma za a jera su.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yafe mini kalmar da na faɗa masa a ƙofar masauki. Ya yi rayuwarsa yana bin bayan bayin Allah don kada ɗaya ya ɓace. Ya Ubangiji, ranar da za a tara mu duka, Ka kira shi gaba.